Labarin Wutar Maƙera: Gawayi, Da Kwal, Da Gasasshen Kwal

In aka ce wa ɗan makaranta ya lissafa kayan aikin maƙeri, nan da nan zai ce uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da zugazugi, sa'an nan ya yi shiru yana tsammani ya gama. Da wuya ya tuna da baƙin tulin nan da ke jibge a kusurwar rumfa, wanda yaron maƙera ke ɗiba da hannu yana zubawa a wuta. Alhali kuwa da za a ɗauke tulin nan, da sauran kayan duk sun zama na banza, gama ƙarfe ba ya jin maganar masaba sai ya sha wuta, wutar kara da ta itace kuwa ba su isa su yi masa komai ba. A makon nan muna so mu ba ku labarin abin da maƙera suka riƙa ciyad da wutarsu da shi tun zamanin dā, da yadda sāke abincin wutar nan ya ɗaukaka wata ƙasa bisa sauran ƙasashe har shekara ɗari da wani abu.

Kafin mu shiga labari, sai ku riƙe abu guda, domin in ya kuɓuce muku sauran maganar za ta rikice. Aikin ƙarfe iri biyu ne. Na fari shi ne dafa tama, watau a ɗauko dutsen da ƙarfe ke ciki a gasa shi cikin tanderu har ƙarfen ya rabu da dattinsa. Na biyu shi ne ƙira, watau a ɗauki ƙarfen da aka riga aka fitar, a sa shi a wuta ya yi ja, a buge shi ya zama fartanya ko gatari ko lauje. A wurin ƙira, zafi kaɗai ake nema daga wuta. A wurin dafa tama, abincin wutar yana da aiki na biyu. Cikin tama, ƙarfe a ɗaure yake da wani sashe na iska wanda masana ke kira oksijin, shi ne kuwa abin da ke mai da wuƙa tsatsa in an bar ta a raɓa. Cikin gawayi akwai wani baƙin sinadari, sunansa kabon, wanda in ya yi zafi yakan fizge oksijin ɗin nan daga jikin tama, ya tafi da shi sama, ya bar ƙarfe a ƙasa. Saboda haka a cikin tanderu tama da abincin wuta cakuɗe suke, jiki da jiki, duk kuwa dattin da ke cikin ɗaya sai ya shiga ɗayan.

Gawayi shi ne babba, ya kuwa girme wa sauran da dubban shekaru. Yadda ake yinsa ba sabon abu ba ne gare ku: a tara itace, a rufe shi da ciyawa da ƙasa, a cinna wuta, a hana iska shiga sai kaɗan. Ruwan itacen da hayaƙinsa su fice, a bar kabon kusan zalla. In an sa itace kaya biyar, da ƙyar a sami nauyin kaya guda na gawayi, sau da yawa ma bai kai haka ba. Amma ɗan abin nan da ya rage ya fi itacen zafi nesa ba kusa ba, ba shi da hayaƙi, tokarsa kaɗan ce, ba shi kuma ɓata ƙarfe. Da shi aka dafa tama a Taruga, kusa da Abuja, ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. Da shi aka yi aikin ƙarfe a gindin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, tun ba a yi ganuwar Kano ba. Har akwai labarin da Abagayawa ke bayarwa, cewa kakansu wani maƙeri ne daga Gaya wanda neman tama ya kawo shi wurin. Maƙeranmu kuwa ba kowane gawayi suke karɓa ba. In sun sami zaɓi, na ƙirya suke so, domin itace ne mai nauyi da tauri, gawayinsa ba ya cinyewa da sauri, ba ya kuma watsewa in an matsa masa da zuga. Gawayin itace mai taushi sai ya yi ta tartsatsi, kafin ƙarfe ya yi ja ya zama toka.

Kwal kuwa, wanda waɗansu ke kira gawayin ƙasa, shi ma asalinsa itace ne, amma na dazuzzukan da suka ruɓe cikin fadamu tun miliyoyin shekaru, ƙasa ta danne su har suka zama kamar dutse. Mutanen Sin sun riga Turawa sanin darajarsa. A ƙarni na 11, zamanin daular Sung, masu aikin ƙarfe na arewacin Sin sun riga sun koma ga kwal a wurare da yawa, gama itace ya yi musu ƙaranci. A shekarar 1078 aka sami kwal kusa da birnin Shuzhou, har mai mulkin birnin, wani mashahurin mawallafi mai suna Su Shi, ya yi waƙa don murna. Bayan shekara ɗari biyu Marko Polo ya komo Turai yana ba da labarin baƙaƙen duwatsu da mutanen Sin ke ƙonawa kamar itace, ya kawo shi cikin abubuwan mamaki da ya gano.

Amma labarin da ya fi shafarmu a Ingila ya faru. Tun ƙarni na 13 jiragen ruwa ke ɗauko kwal daga Nyukasil, a arewa, suna kai shi Landan. Masu gasa farar ƙasa da maƙera su ne manyan masu saye. Manyan gari ba su so shi ba ko kaɗan saboda warin hayaƙinsa, har a farkon ƙarni na 14, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, aka yi shela ta hana ƙona shi a birnin. Shelar ba ta yi ƙarko ba, don kwal ya fi itace araha. Abin lura a nan shi ne, maƙerin Ingila ya yi shekara wajen ɗari huɗu yana ƙira da kwal, yana yin takalmin doki da ƙusa da shi, amma mai dafa tama bai iya ko kusantarsa ba.

Dalili kuwa shi ne farar wuta. Kusan kowane kwal yana da ita a ciki, ita ce ke ba hayaƙinsa launin rawaya da warin nan mai shaƙe maƙogwaro. In farar wuta ta shiga jikin ƙarfe, sai ya zama mai wata irin cuta: yana sanyi ka gan shi lafiya lau, amma da ya yi ja aka ɗora masa masaba sai ya tsattsage kamar busasshiyar waina. A wutar maƙera ƙarfe dunƙulalle ne, bayansa kaɗai wuta ke lasa, na ɗan lokaci kuma, don haka ɓarnar ba ta da yawa. A cikin tanderu kuwa, inda muka ce komai cakuɗe yake, ƙarfen yakan sha farar wutar nan har ya ƙoshi. Ban da wannan kuma, irin kwal ɗin da ya fi yawa a Ingila yakan yi laushi in ya ji zafi, ya narke kamar ƙaro, ya manne, ya toshe hanyar iska, tanderu ya shaƙe ya mutu.

Maƙerin da ke aiki da kwal ya san maganin abin tun da daɗewa, ko da yake bai ba shi suna ba. Yakan yayyafa wa ɗanyen kwal ruwa, ya tara shi kewaye da wuta, ba a tsakiya ba. Zafi ya riƙa gasa shi a hankali, hayaƙi da kwalta da wani kashi na farar wuta su fice, abin da ya rage ya zama wani dunƙule mai launin toka-toka, marar nauyi, mai ƙananan ramuka kamar soso. Shi yake jawowa tsakiya da ɗan ƙarfensa ya sa aikinsa a ciki. Wannan shi ne gasasshen kwal, wanda Ingilishi ke kira kok. Yadda gawayi yake ga itace, haka shi yake ga kwal. Ashe abin da manyan attajirai suka yi ta ɓad da dukiya suna nema, kowace safiya ana yinsa cikin kowace maƙera ta ƙauye, sai dai ba wanda ya gane yadda za a kai shi tanderu.

Me ya sa suka matsu da nemansa? A ƙarshen ƙarni na 15 aka kawo wa Ingila sabon irin tanderu daga Faransa da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, dogo, wanda ƙarfin ruwan rafi ke tura zugazuginsa dare da rana. An gina ɗaya a Nyubirij, cikin dajin Sasek, a shekarar 1496. Tanderun nan ba irin namu na dā ba ne, wanda ake fasawa a ciro dunƙulen ƙarfe. Shi zafinsa yakan kai har ƙarfe ya narke ya kwararo kamar kunu, a zuba shi cikin abin zubi a yi igwa ko harsashinta. In an hura shi sai ya yi watanni bai mutu ba, ana ɗura masa tama da gawayi ta baki. To, a zamanin nan da itace ake gina jiragen yaƙi, da shi ake gina gidaje, da shi talaka ke jin ɗumi da hunturu. Kuka ya yi yawa, cewa masu ƙarfe za su cinye dazuzzukan ƙasa. Zamanin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya majalisa ta yi dokoki har sau uku a kan wannan, ta 1581 kuwa ta hana kafa sabuwar ma'aikatar ƙarfe cikin mil 22 daga Landan.

Littattafan makaranta da yawa sukan tsaya nan, su ce masu dafa tama sun ƙare itatuwan Ingila. Masanan tarihi na baya da suka bi takardun lissafin ma'aikatun nan sun ga maganar ba haka take ɗungum ba, mu ma kuwa ra'ayinsu muka fi karɓa. Mai tanderu ba wawa ba ne da zai sare dajin da yake ci da shi. Yakan raba dajinsa kashi-kashi, ya sare kashi guda bana, ya bar kututture, ya kange wurin don kada dabbobi su cinye tofo. Bayan shekara goma sha biyar ko ashirin kututturen ya sāke fid da sanduna, a komo a sare. Dazuzzukan da suka fi daɗewa a Ingila, da yawansu a inda aka yi aikin ƙarfe suke, gama a can ne itace ke da mai shi, mai tsaronsa. Wannan dabara ta cancanci masu toya gawayi na ƙasarmu su dube ta da kyau.

Ainihin wahalar ita ce, daji yana da iyakar abin da yake iya bayarwa a shekara, ba a kuwa yi masa gaggawa. Gawayi kuma ba ya son tafiya: in aka ɗora shi a keken doki bisa mugunyar hanya, bayan 'yan mil kaɗan rabinsa ya zama gari. Haka nan in tanderu ya cika tsawo, nauyin tama yakan murƙushe gawayin da ke ƙasa, iska ta rasa hanya. Saboda haka kowane tanderu ƙarami ne, a ɗaure yake kuma da dajin da ke kewaye da shi. Bukatar ƙarfe tana ƙaruwa, abin da ƙasa ke iya fitarwa yana nan inda yake. Sai Ingila ta koma sayen ƙarfe daga Suwidin, daga baya kuma daga Rasha, ƙasashen da ke da daji ba iyaka. A farkon ƙarni na 18, fiye da rabin sandunan ƙarfen da maƙeran Ingila ke bugawa daga ƙetare suke zuwa. Har sandunan ƙarfen da jiragen Biristol da na Landan suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma, suna musayarsu da bayi, yawancinsu a dazuzzukan Suwidin aka dafa su da gawayi.

Mutane da dama sun gwada dafa tama da kwal, sun karɓi takardar izni daga sarki, sun ƙare da bashi. Wanda aka fi tunawa da shi cikinsu Dud Dadli ne, wanda ya buga littafi a 1665 yana cewa shi ya gano asirin tun yana saurayi, amma ambaliya da hassadar masu gawayi da yaƙin basasa suka rushe masa aiki. Bai bayyana yadda ya yi ba, ba kuwa wanda ya gāji dabarar daga gare shi. Mutum ya ce ya iya, bai nuna ba, bai koya wa kowa ba, tarihi ba shi da abin da zai ba shi sai ambato.

Wanda ya warware ƙullin bai fito daga cikin manyan masu ƙarfe ba. Sunansa Abraham Darbi, an haife shi a 1678, ɗan wata ƙungiyar addini ce da ake kira Kwekas, mutane masu tsantseni a ciniki. Yana yaro aka kai shi Bamingam koyon sana'a wurin mai ƙera injin niƙan tsiron sha'ir, wanda ake yin giya da shi. A nan ga abin da za ku lura da shi. Masu busad da tsiron nan sun daɗe da gane cewa ɗanyen kwal yana sa masa wari, tun wajen 1640 kuwa waɗansunsu suka koma gasa kwal tukuna kafin su yi aiki da shi. Yaron ya tashi yana ganin gasasshen kwal abu ne na yau da kullum. Da ya girma ya tafi Biristol ya shiga aikin tagulla, inda nan ma da kwal ake narka ta. Abin da ke ransa kuwa ba babban abu ba ne ga ido: tukunya yake so ya yi. A lokacin tukwanen ƙarfe masu kauri ne, masu tsada, ana zuba su cikin yumɓu ɗaya-ɗaya. A 1707 ya sami takardar izni a kan dabarar zuba tukunya cikin yashi, marar kauri, mai araha.

Don ya sami ƙarfen zubi isasshe, sai ya yi hayar wani tsohon tanderu da ya lalace a Kolburukdel, wani kwari kusa da Kogin Seban, ya gyara shi. A watan Janairu na 1709 ya hura shi da gasasshen kwal, ƙarfe ya kwararo. Abubuwa biyu suka taimake shi. Kwal ɗin da ake haƙa a kwarin nan farar wutarsa kaɗan ce ƙwarai, da a wani wurin ya gwada, watakila da ya bi sahun Dadli. Sa'an nan wutar gasasshen kwal ta fi ta gawayi zafi, ƙarfen da ta fitar ya fi tsinkewa, yana bin kowane lungu na abin zubi, abin da mai yin siririyar tukunya ke nema ke nan. Ya rasu a 1717, bai cika shekara arba'in ba, bai kuwa san girman ƙofar da ya buɗe ba.

Kada ku zaci washegari kowa ya watsar da gawayi. An yi shekara wajen arba'in masu bin sawunsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, gama ƙarfensa ya yi kyau ga zubi amma maƙera ba su so shi, mai da shi ƙarfen ƙira kuma yana cin kuɗi. Ɗansa, Abraham na biyu, shi ya yi ta gyara har bayan 1750 ya fara fid da ƙarfen da masu yin sanduna suka yarda su saya. Jikansa, Abraham na uku, ya gina gadar ƙarfe bisa Kogin Seban a 1779, bakanta ƙafa 100 daga wannan gaɓa zuwa waccan, tana nan tsaye har yau. A 1784 kuma wani mai suna Henri Kot ya fito da wani irin tanderu inda harshen wuta kaɗai ke taɓa ƙarfe, kwal ɗin yana gefe guda a ɗakinsa, ma'aikaci yana tuƙa narkakken ƙarfe da doguwar sanda kamar mai tuƙa tuwo. Da wannan aka iya yin ƙarfen ƙira ba da gawayi ko ƙwaya ɗaya ba.

Daga nan abin ya zama kamar gobarar daji. Gasasshen kwal yana da ƙarfin da zai ɗauki nauyin tama komai tsawon tanderu, ramukansa kuma suna barin iska ta wuce, saboda haka aka riƙa gina tanderu yana ƙara tsawo. Da ƙarfen aka yi injin tururi, injin ya zuƙe ruwa daga ramukan kwal aka ƙara nitsawa, ya kuma tura zugazugin tanderu, ba sai an jira rafi ya kawo ruwa ba. A 1788 ƙarfen da Biritaniya ta narka wajen ton 68,000 ne. A 1806 ya kai kimanin ton 250,000. A tsakiyar ƙarni na 19 ya wuce ton miliyan biyu a shekara, kusan rabin na duniya duka. Ƙasar da dā take sayen ƙarfe wurin Suwidin ta zama ita ke sayar wa duniya da dogo da tukwane da bindigogi. Sai dai kuma ba za mu ɓoye muku kuɗin da aka biya ba. Yara ƙanana, waɗansu ba su kai shekarun ƙaramin cikinku ba, sun yi ta jan kwandunan kwal cikin duhun rami, sai a 1842 doka ta hana sa mata da yara 'yan ƙasa da shekara goma aiki a ƙarƙashin ƙasa. Hayaƙin da mutanen Landan suka yi kuka da shi tun zamanin Edward kuwa, yanzu masana sun tabbatar cewa shi da irinsa ne ke ƙara wa duniya zafi.

Gawayi bai mutu ba duk da haka. Maƙeran wuƙa na Shefil sun ci gaba da sayen ƙarfen gawayi na Suwidin don aikinsu mafi kyau, gama ba su sami mai tsabtarsa ba. Wani tanderu a Bakbaro, a arewacin Ingila, ya riƙe gawayi har wajen 1920. Masu ƙera takubba na Jafan da gawayi suke aiki har yanzu, a Birazil kuma akwai manyan tanderu da ake ciyarwa da gawayin turare, itacen da suke shukawa musamman don haka. In kuwa kun tambayi maƙerin da ya taɓa aiki da duka ukun, zai ce muku kowanne da halinsa. Gawayi mai saurin kamawa ne, zuga kaɗan ta ishe shi, in an tafi cin abinci a komo a tarar da shi da rai, amma ci gare shi kamar fara. Kwal yana da araha inda ake samunsa, sai dai hayaƙi, da wani ƙunzugun datti mai kama da kashin maƙera da ke taruwa a bakin hanyar iska, wanda dole a riƙa ciro shi. Gasasshen kwal ba hayaƙi, zafinsa kuma ya fi, amma da wuyar kamawa, in an daina zuga kuwa ba da jimawa ba sai ya mutu. Wanda ke zuga da zugazugin fatar akuya zai gaji kafin ya gamsad da shi.

Kogin nan da ya taso daga Kolburukdel ya iso mana ta hanya biyu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai ya biyo shi. Da maƙeri ya ga zai sami guntun dogo ko tsohon ƙarfen mota a kasuwa da 'yan kuɗi kaɗan, sai ya ga ba dalilin da zai sa ya jira masu dafa tama, waɗanda sai sun yi kwanaki a daji suna haƙa, suna sara, suna toyi. Cikin shekaru kaɗan sana'ar da ta yi fiye da shekara dubu ta ɗauke a yawancin ƙasar Hausa. A ƙasar Adar, cikin Nijar, ta ɗan jima har wajen tsakiyar ƙarni na 20, sa'an nan can ma ta tsaya. Ƙira ta rage, da gawayinta na ƙirya, amma ƙarfen da ake bugawa gasasshen kwal ne ya dafa shi a wata ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce ta kwal ɗinmu. A 1909 masu binciken ma'adinai suka same shi a Udi, aka ja dogo daga Fatakwal ya iso wurin a 1916, garin Inugu kuwa kwal ne ya kafa shi. Da shi jiragen ƙasa suka yi ta tafiya shekaru da yawa. A ramin Kwarin Iba ne 'yan sanda suka harbe ma'aikata 21 ran 18 ga Nuwamba 1949, sa'ad da suke neman hakkinsu, abin da ya girgiza ƙasa duka. Haƙar ta kai ƙololuwarta gab da samun mulkin kai, wajen ton 900,000 a shekara, sa'an nan jiragen ƙasa suka koma shan man dizal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya zo, ramuka suka cika da ruwa.

Wani zai ce, tun da muna da tama a Itakpe, muna da kwal a Inugu, me ya hana mu yin abin da Darbi ya yi? Amsar tana cikin abin da muka faɗa a baya. Ba kowane kwal ne ke gasuwa ba. Sai wanda ke yin laushi ya manne in ya ji zafi, shi ne in ya huce yake zama dunƙule mai ƙarfi. Na Inugu ba ya mannewa: yana ci da kyau a tukunyar jirgi, amma in an gasa shi sai ya wargaje, ba zai ɗauki nauyin tama ba. Akwai mai mannewa a wajen Lafiya da Obi, amma tokarsa da farar wutarsa sun yi yawa, cutar nan dai da ta hana Ingilishi barci shekara ɗari biyu. Sa'ad da aka aza harsashin babbar ma'aikatar ƙarfe ta Ajakuta a 1980, da taimakon mutanen Tarayyar Sobiyet, an gina mata ɗakunan gasa kwal, da shirin a riƙa sayo yawancin kwal ɗin daga ƙetare. An yi shekara arba'in da ɗoriya, babban tanderunta bai taɓa narka tama ba.